Yadda ake binne bututun ruwan famfo a layin unguwa ba tare da ruwan kwata ya shiga ba

A yawancin unguwannin Kano famfo ba ya wuni da ruwa. Daga matatar ruwa ta Tamburawa ko ta Challawa ake turo shi na wasu sa'o'i, sannan a ɗauke. Da zarar an ɗauke, ragowar ruwan cikin bututu yana gangarawa, sai bututun ya koma zuƙar duk abin da ke kewaye da shi ta kowane tsagi. In a cikin kwata yake kwance, ruwan kwatar zai zuƙa, kuma shi ne zai fara zuba a bokitin mutane in an dawo da ruwa. Ta nan amai da gudawa ke shiga gidaje da damina. Don haka hanyar da bututu zai bi ita ce abin da za a fara tsayarwa, kafin a sayi ko da gwiwar bututu ɗaya.

A fara da samun izinin hukumar ruwa, domin ita kaɗai ke da ikon huda babban bututu, in kuma za a yanka kwalta sai an haɗa da izinin masu kula da titi. Bututun ruwan sha ya nisanci shadda, sokawe da bututun bahaya da kamar mita 3. Lungunan cikin gari ba kasafai suke ba da wannan fili ba, to a nan sai a ɗauki ɓangaren da babu kwata. Inda dole sai an tsallaka kwata, bututun ruwa ya bi ta sama da tazarar santimita 45 in da hali, a zura shi cikin wani bututu mafi faɗi, kuma kada mahaɗi ya faɗo daidai wurin.

Zurfin rami ya kai yadda ƙasar da ke saman bututu za ta yi santimita 60 a inda ƙafa kawai ke bi, 90 zuwa mita ɗaya a inda mota ke wucewa. Faɗinsa kaurin bututu ne a ƙara santimita 15 kowane gefe. Leburori kan so su tsaya da diga ta ci karo da marmara, amma bututun da aka binne sama-sama tifar yashi ɗaya ta isa ta fasa shi. Ramin da ya wuce ƙugun mutum a ƙasa mai rairayi a tokare bangonsa da katako, a kuma janye ƙasar da aka haƙo daga bakinsa.

A shimfiɗa yashi mai laushi santimita 10 zuwa 15 a ƙasan ramin. Dutse guda da ya tokare ƙasan bututun roba na PVC ba ya nuna illa a ranar, sai bayan watanni zai tsaga shi. Bututun da ke ɗauke da rubutun PN10 ko PN16 a jikinsa shi ne na ruwa mai ƙarfi. Mara kauri da ake sa wa banɗaki da ruwan indararo ya fi arha, ɗan kwangila mai son cin riba kan cusa shi, kuma ba ya jure matsin famfo. Wanda ya daɗe a rana har launinsa ya koɗe a bar wa mai shago kayansa.

PVC yana zuwa ne da tsawon mita 6, ke nan mita 100 za ta ci mahaɗi wajen 16, kowanne kuwa ƙofar yoyo ne. Baƙin tiyo na HDPE da ke zuwa a naɗe ya rage wannan matsala, shi ya sa ya fi dacewa da reshen da ke shiga gidaje. Wurin haɗa PVC a yanke baki daidai, a goge kaifinsa, a share ƙura da danshi, a shafa gam ciki da waje, a tura lokaci ɗaya a riƙe na rabin minti. Mai zoben roba da sabulu ake sulɓe shi, baƙin mai yana cinye robar. Gasa bakin bututu a wuta don ya buɗe, wanda wasu masu aikin famfo suka mayar al'ada, yana rage masa kauri daidai inda ya fi buƙatar ƙarfi. In an tashi aiki da yamma a toshe bakin da ya rage a buɗe, saboda kwaɗi, ɓera da laka.

Kowace kwana da mararraba da ƙarshen layi na babban bututu suna buƙatar tokarin kankare tsakaninsu da bangon rami, siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Ruwa yana tunkuɗa gwiwa duk lokacin da aka sako shi, in babu tokari a hankali zai zare ta. A sa makullin fitar da iska a tudu, na wanke layi a gangare.

Kada a rufe rami gaba ɗaya kafin gwaji. A zuba ƙasa a tsakiyar kowane bututu don ya zauna, a bar mahaɗai a fili. Bayan kankaren ya yi kamar mako, a cika layin a hankali har iska ta fita, a matsa shi da famfon gwaji zuwa ninki ɗaya da rabi na matsin da zai yi aiki da shi, a sa ido kan agogon auna matsi na sa'a ɗaya zuwa biyu. In allurar na sauka, a bi mahaɗai da busasshen tsumma.

Sai wanki da kulorin. Mita 100 na bututu inci 4 yana ɗaukar kusan lita 800, kuma giram 60 na garin kulorin da ake kira HTH ya ishe shi. A narkar a bokiti, a zuba, a bar shi sa'a 24, sannan a kora da ruwa mai tsabta har ƙarfin warin ya tafi. A sanar da mai unguwa kada kowa ya ɗiba a wannan rana.

Wurin cikewa yashi ne ya fara rufe bututu har santimita 15 zuwa 30 a samansa, a daɓe gefe da gefe da hannu. A shimfiɗa shuɗin kirtanin gargaɗi a kai saboda masu haƙa nan gaba, sauran ƙasar a zuba ta hawa-hawa, santimita 20 kowane hawa, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Ramin da aka tura wa ƙasa lokaci guda yana lotsawa a ruwan farko. A ƙarshe a auna nisan kowane makulli daga katanga ko turken lantarki, a rubuta a takarda, kwafi ɗaya wurin hukumar ruwa, ɗaya wurin kwamitin unguwa.