Yadda ake hana ƙwayoyin cuta hayayyafa a cikin abinci

A fara da lura da zafi, domin ƙwayoyin bakteriya sun fi saurin hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas, inda wasunsu ke ninka yawansu cikin minti 20 kacal. Saboda haka kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2. A sa shi a firjin da ke kan digiri 5 ko ƙasa da haka, amma a sani cewa sanyi rage musu sauri kawai yake yi, har ma wata bakteriya mai suna Listeria tana iya girma a cikinsa. Idan an zo ɗumame, a tsoma ma'aunin zafi a tsakiyar abincin, inda zafi ke isa daga ƙarshe, a tabbatar ya kai digiri 75.

Gishiri yana janye ruwan da ƙwayoyin ke rayuwa da shi, sai dai ɗan barbaɗen ɗanɗano ba ya wadatarwa, kuma wata bakteriya mai suna Staphylococcus aureus tana jure masa sosai.

Wajen adana abinci a kwalba, a auna tsami da na'ura maimakon harshe, domin sai pH (ma'aunin tsami, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru) ya sauka ƙasa da 4.6 bakteriyar Clostridium botulinum ke kasa girma.