Haɗa ɗakin gungume a Yamai da shirya shi zuwa Tawa

Ɗakin gungume, wanda ake jera itace bisa itace ba bulo ba siminti, sana'ar mutanen Kanada ce da Rasha da Finlan, inda Allah ya hore musu dogayen itatuwa miƙaƙƙu. Su ma a wurin aikinsu suke tada shi gaba ɗaya, su kwance, sannan su kai wa mai shi. Mu ba mu da irin itacensu, saboda haka nawa ƙarami ne: ɗakin mai gadi ko na hutawa a lambu, mita 3 bisa 4, da itacen turare na kasuwar Katako. A sama nake sa azarar giginya ta Gaya, don gara ba ta cika yi mata ɓarna ba.

Wajen saye, ɗaga gindin itacen ka rufe ido ɗaya ka hango ƙarshensa. Mai lanƙwasa ka bar wa mai kafa rumfa. Ka ɓare ɓawon tun yana ɗanye, ka shafa fenti a bakinsa biyu, ka jera a inuwa bisa duwatsu. Turare in ya sha ranar Yamai tsagewa yake yi.

Inda aikin yake shi ne zane. Ka ɗora gungume bisa na ƙasa, ka kafe shi kada ya motsa. Ka ɗauki kamfas mai fensir, ƙafa ɗaya na bin bayan na ƙasa, ɗayar na zana siffarsa a cikin na sama, ciki da waje. Ƙafafun nan biyu dole su tsaya ɗaya bisa ɗaya daga farko har ƙarshe; hannu ya ɗan karkata, ka sami ƙofar da iska da kunama za su bi. Shi ya sa ba na ba sabon yaro wannan aikin, komai rawar kansa. Sai ka juya gungumen ka fafe inda ka zana. A cikinsa ake fafewa, ba a bayansa ba, don ruwan damina ya rasa wurin kwanciya. Kowane layi ka sauya: inda gindin gungume ya kwanta, kan na sama ya hau kansa, in ba haka ba bango zai tashi gefe guda.

Itace na ƙanƙancewa in ya bushe. Maginan Kanada kan ƙiyasta kusan santimita 6 a kowace mitar tsayin bango in da ɗanye aka yi. Don haka ka bar fili bisa ƙofa da taga, kuma kada ka kafe katakon ƙofar da ƙusa a jikin gungumen.

Kafin ka taɓa komai da niyyar kwancewa, sa lamba. Ni da alƙibla nake yi: G na gabas, Y na yamma, K na kudu, A na arewa, ƙirga daga ƙasa. G1, G2, haka. Da fenti, ba da alli ba. Ka ɗauki hoton kowane bango da waya, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu ka tura wa magini a Tawa, ya zuba tushe daidai da shi.

Lodi kuwa, yadda kake saukewa haka za ka riƙa zubawa a mota: na sama su kwanta a ƙasa, masu lamba 1 su zauna a bisa, tun da su za a fara nema. Bakin fafen nan siriri ne, ka naɗe shi da kwali ko buhu, ka sa katako tsakanin layi da layi, ka ɗaure ka rufe da tamfol. Takardar gandun daji ta zama a hannun direba.

Tafiyar ta haura kilomita 500, ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, a karya arewa a Tsarnawa. Ka ce wa direba ya tsaya a Doso ya ƙara tamke igiya, don girgizar farko ke sassauta ta. Yaron da ya rubuta lambobin, shi za ka sa a motar.