Yadda Ake Sa Ido Kan Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Kewayen Tafkin Sharar Ma'adinai

Bayan an niƙa dutse an cire ma'adinin da ake nema, lakar da ta rage ana tara ta ne a bayan madatsa, kuma ruwanta ba ya fasa tsatsafowa cikin ƙasa. Idan akwai fairait (ma'adini mai ɗauke da ƙarfe da farar wuta) a lakar, haɗuwarsa da iska da ruwa na haifar da asid, wanda ke narkar da dalma da kadmiyam da sauran ƙarafa, su bi jijiyar ruwa zuwa rijiyoyin jama'a. Ballewar madatsa kowa na ganin ta, kamar ta Brumadinho a Brazil a 2019 da ta ci rayuka 270, amma yoyon ƙarƙashin ƙasa sai wanda ya neme shi.

A fara tun kafin a zuba lakar farko. A haƙa aƙalla rijiyoyin gwaji uku da ba sa kan layi ɗaya, a auna tsayin ruwansu daga ma'auni guda, domin a gane inda ruwan ya dosa. Sannan a kafa rijiya a sashen da ruwa ke fitowa kafin ya iso tafkin, sauran kuma a gangare, wasu gajeru wasu masu zurfi. A ganina rijiyar ta sama, wato wadda ruwa ke bi kafin ya iso tafkin, ta fi kowacce daraja, domin ba tare da ita ba, da kuma awon aƙalla shekara guda da ya haɗa damina da rani, babu mai iya tabbatar da cewa gubar daga tafkin take ba daga duwatsun wurin ba.

Wajen ɗibar samfur ne aiki ya fi lalacewa. A auna zurfin ruwa kafin a taɓa komai. A zuƙe ruwan da ya kwana a bututu a hankali, ba da gaggawar da za ta tayar da laka ba, ana duba pH (ma'aunin yawan asid a ruwa) da zafi da ma'aunin gishirin da ya narke, har alƙaluman su daina motsi. Samfurin ƙarafa a tace shi nan take da matata mai ƙofar maikiron 0.45 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), a ɗiga masa asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2. Na sayanayid, wanda ake buƙata a wuraren tace zinariya, akasin haka ake yi masa: a ɗaga pH ɗinsa sama da 12, domin asid na mayar da shi iska mai kisa. A rubuta lambar rijiya da lokaci a jikin kowace kwalba, a sanya cikin ƙanƙara.

Idan sakamako ya dawo, kada a tsaya ga tambayar ko an haura ƙa'ida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar asenik da dalma a ruwan sha a maikirogiram 10 cikin lita, amma ƙarafa kan maƙale a ƙasa su yi jinkiri, alhali salfet, wani gishiri da ke fitowa daga lakar, na tafiya kusan tare da ruwan. Saboda haka idan salfet ya riƙa hawa awo bayan awo a rijiyar gangare, ta sama kuwa ba ta canza ba, yoyo ya fara. A sake ɗibar samfur don tabbatarwa, a ƙara yawan awo, a sanar da hukuma da masu shan ruwan, sannan a haƙa rijiyoyin da za su tare gurɓataccen ruwan su mayar da shi tafki.