Kurakuran da ake yi wajen motsa ƙwaƙwalwar dattawa, da yadda za a gyara su

Da zarar uwa ta fara maimaita tambaya ɗaya, ko uba ya fara laluben sunan jikansa, 'ya'ya sukan sauke masa manhajar wasannin ƙwaƙwalwa a waya. Niyyar mai kyau ce. Kuskuren shi ne zaton cewa wanda ya gwanance a wasa, ƙwaƙwalwarsa ta ƙara kaifi a komai. A 2010 mujallar Nature ta buga binciken da Adrian Owen ya jagoranta a Ingila tare da BBC, inda mutum 11,430 suka yi mako shida suna irin waɗannan wasanni. Sun ƙware a wasannin, amma da aka gwada su a wasu ayyukan tunani, ba su ɗara waɗanda aka kwatanta su da su ba. A 2016 kuma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ya mallaki manhajar wasannin ƙwaƙwalwa ta Lumosity biyan dala miliyan 2, saboda tallar da ke nuna wasanninsa na kare mutum daga cutar mantuwa ba tare da hujja ba. Kada a kashe kuɗi a kan alkawarin talla.

Wasu da suka ji haka sai su ce ai horon duk ɓata lokaci ne. Wannan ma kuskure ne. Binciken ACTIVE da aka fara a Amurka a 1998 ya ɗauki dattawa 2,832 masu shekara 65 zuwa sama. An koya wa wasu dabarun tuna abu, wasu warware matsala ta bin tsari, wasu kuma saurin gane abin da ido ya gani, a zama goma na farko. Bayan shekara goma, amfanin horo na biyu da na uku yana nan, na tuna abu kuwa ya dushe. Horon da ya yi tasiri yana da mai koyarwa, kuma yana ƙara wuya gwargwadon ƙwarewar mutum. Abin da ya riga ya zama jiki ba ya ƙara komai.

Kuskuren da ya fi damu na shi ne a dage da wasa a bar hawan jini yana ɓarna. Ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa, kuma hawan jini da ciwon suga suna lalata ƙananan jijiyoyinta a hankali, tun kafin a kai ga shanyewar ɓarin jiki. A ƙasar Finland, binciken FINGER da Miia Kivipelto ta jagoranta ya haɗa wa dattawa abu huɗu na tsawon shekara biyu: gyaran abinci, motsa jiki, horon ƙwaƙwalwa da lura da lafiyar jijiyoyin jini. Cikin mutum 1,260, waɗanda suka samu haɗin sun fi sauran a gwajin tunani, kamar yadda aka buga a 2015. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya magancewa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa. Akwai shan taba, da kaɗaici, da raunin ji, da raunin gani. Tsohon da ba ya jin hira zai daina shiga hira. A auna masa jini a kai a kai, a duba kunnensa, in yanar ido ce a yi masa aiki.

Sai kuma kuskuren da ladabi ke jawowa: "Baba, zauna ka huta." An karɓe masa cefane, an hana shi fita majalisa, an bar shi da rediyo a ɗaki. A bar shi ya je masallaci cikin jama'a, ya buga dara da sa'o'insa, ya riƙe tilawarsa, ya biya wa jikoki karatu. Idan mantuwar ta riga ta kama, a daina yi masa jarrabawa. "Inna, kin gane ni? Wace ce ni?" kunya da fargaba kawai take jefa ta. A ce, "Inna, ga jikarki ta zo gaishe ki," sai hira ta ɗore. Tsarin da Aimee Spector da abokan aikinta suka samar a Landan ya ginu a kan haka: zama 14 cikin mako bakwai, a ƙaramin rukuni, ana hira da waƙa da tuna zamanin da, ana neman ra'ayin mutum maimakon amsar daidai. An daidaita shi da al'adun mutane a Najeriya da Tanzaniya.

Kada kuma a ce gigin tsufa ne a naɗe hannu, balle a jingina wa tsohuwa maita ko aljanu. Ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa da wasu magungunan barci duk suna kawo mantuwa, kuma ana magance su. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa wata cuta ce ta jiki, kamar ciwon fitsari ko na huhu. A kai tsohon asibiti a ranar, a tafi da duk magungunan da yake sha don likita ya gani.