Sa wa yaro suna Tanimun: yadda ake lissafa ranarsa

Tanimu, ko Tanimun yadda bakin Damagaram ya saba, sunan rana ne: namijin da aka haifa ran Litinin. Tushensa kalmar Larabci ce mai nufin biyu, wato rana ta biyu a mako. Mace kuwa Altine. A Zinder sanannen suna ne, kamar na Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19.

Wurin lissafi ake yawan kuskure. A ƙidayar Musulunci rana daga magariba take somawa, saboda haka jaririn da ya faɗo ran Lahadi bayan faɗuwar rana, a daren Litinin ya zo. Shi ma Tanimun ne.

Ran suna, kwana bakwai, a raɗa masa sunan yanka, kamar Muhammadu ko Ibrahim, kafin a yanka rago. Tanimun ya zama na kira, abin da ke sauƙaƙa wa uwa mai alkunyar ɗan fari.

In za a rubuta shi a takardar haihuwa a ofishin magajin gari, a tsayar da rubutu ɗaya. Ma'aikata kan sa Tanimoune irin na Faransanci. In harafi guda ya bambanta da takardun lakwal, sai an sha zirga-zirgar kotu lokacin jarrabawa.