Yadda Ake Shirya Zane da Kafa Shi a Baje Kolin Ɗalibai

Ɗalibin zane a Kano, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha yake ko a ɗaya daga cikin kwalejojin ilimi, yakan shafe watanni yana aiki, sannan ya bar shirin baje koli sai daren da za a buɗe. Wannan sakaci ne yake ɓata aiki mai kyau, domin mai kallo bai ga wahalar da aka sha ba, abin da ke jikin bango kawai yake gani.

A fara da zaɓe, saura mako uku aƙalla. Ɗalibi ya fito da ayyukansa duka, ya roƙi malaminsa ya taya shi tacewa, domin zane biyar masu ƙarfi sun fi goma sha biyar da aka cusa don cika wuri. Duk zanen da aka yi da fentin mai ya kamata a gama shi tun da wuri, saboda yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin samansa ya bushe, kuma idan da hunturu ne ƙura za ta manne masa har abada. Zanen gawayi kuwa sai an fesa masa abin da ke riƙe shi a jikin takarda, a kuma sa kwali tsakaninsa da gilashi don kada su haɗu. A kai wa mai firam aiki da wuri, a rubuta masa awo a takarda. Wanda zai haɗa wa tukwanen yumɓu teburi zai sami katako a 'Yan Katako da ke Na'ibawa.

Wajen ɗauka, a naɗe kowane zane da takarda mai tsabta, a rufe kusurwoyinsa da kwali, a jera su a tsaye, fuska da fuska, baya da baya. Na taɓa kwantar da zane huɗu a bayan A Daidaita Sahu, kafin mu isa ƙusar bayan na sama ta huda fuskar na ƙasa, kuma ba wani gyara da ya ɓoye tabon.

Idan an isa zaure, kada a taɓa guduma tukuna. A share, a goge bango, sannan a jingina ayyukan a ƙasa, kowanne a inda ake tunanin zai zauna, a koma bakin ƙofa a duba. A nan ake gane cewa zane mai ja ƙwarai ya danne maƙwabcinsa, ko kuma allon zayyana ya fi kyau shi kaɗai a bango guda. A yi ta sauya musu wuri har ido ya gamsu, tunda matsar da zane a ƙasa ba ya barin rami.

Sai awo, wanda shi ne zuciyar aikin. Ƙa'idar da gidajen baje koli suke bi ita ce tsakiyar kowane zane ta kasance daidai idon mai tsayuwa, wato kimanin santimita 150 daga ƙasa, ko zanen babba ne ko ƙarami. A ja zare a wannan tsayi daga farkon bango zuwa ƙarshensa. Idan tsayin firam santimita 60 ne, rabinsa 30 ke nan. A ja wayar ratayewa da ke bayansa sama har ta miƙe, a auna daga ita zuwa saman firam, a ce an sami 10. To, sai a haɗa 150 da 30, a cire 10, a kafa ƙusa a santimita 170. Bangon bulo yana bukatar ƙusar kankare, zane mai nauyi kuma ƙusa biyu, kuma lallai a nemi izinin hukumar makaranta kafin a huda bango. A bar tazara iri ɗaya tsakanin ayyuka, ko da taƙi biyu ce.

Rinannen yadi, musamman mai shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata, a ɗinka masa aljihu a sama a zura sanda, kada a buga masa ƙusa, kuma a nesanta shi da taga domin rana tana kashe launi. Zane mai gilashi ma kada ya fuskanci taga, in ba haka ba mai kallo fuskarsa zai gani.

Kowane aiki a yi masa ƙaramar takarda mai ɗauke da sunan mai shi, sunan aikin, abin da aka yi shi da shi da shekara, da Hausa da Turanci, a manna su a dama, duk a tsayi ɗaya. A gwada fitilu da janareta tun ana gobe buɗewa, da safe kuma a bi gilasai da busasshen ƙyalle mai laushi kafin baƙi su fara shigowa.