Yadda Ake Amfani da Na'urorin Haske da Sauti Domin Gyara Barci da Farkawa

Kafin mutum ya sayi fitilar farkawa ko na'urar sautin barci, ya kamata ya san abin da yake son gyarawa a jikinsa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin jijiya da ke aiki kamar agogo, yana kammala zagayensa cikin kimanin awa 24, kuma hasken da ke shiga ido ne ke saita shi kowace rana. Idan duhu ya shiga, jiki yakan saki sinadarin melatonin, wanda ke sanar da gaɓoɓi cewa dare ya yi, amma da zarar haske mai ƙarfi ya bugi ido, musamman mai shuɗi-shuɗi, sai sakin ya ragu. Gano ƙwayoyin halittar da ke tafiyar da irin wannan agogo ne ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a shekarar 2017. Abin da wannan ke koya wa mai saye shi ne lokacin da ake kunna na'ura ya fi tsadarta muhimmanci.

A fara da safiya, domin a nan ne haske ya fi tasiri. Fitilar farkawa tana kwaikwayon ketowar alfijir: takan soma da ja mai duhu, ta koma ruwan ɗorawa, sannan ta cika ɗaki da farin haske. A saita ta ta fara minti 30 kafin lokacin tashi, a ajiye ta a gefen gado daidai tsayin kai, tana fuskantar mai barci, saboda wani kaso na hasken yana ratsa fatar ido ko da a rufe take. Amfaninta shi ne mutum ya taso daga barci sannu a hankali, maimakon ƙararrawa ta fizgo shi daga barci mai nauyi ya tashi a firgice da nauyin kai. A makon farko a bar ƙararrawar a kunne don kada a makara, kuma a riƙe lokaci guda na tashi har a ranakun hutu, domin agogon jiki ba ya daidaituwa idan yau ƙarfe shida ne gobe ƙarfe tara.

Wanda ke wuni a ɗaki mai ƙarancin haske, ko yake zaune inda rana ke jinkirin fitowa a lokacin sanyi, zai iya ƙarawa da akwatin haske. A ma'aunin ƙarfin haske da ake kira lux, hasken ɗaki yawanci bai wuce lux 500 ba, alhali akwatin yana ba da lux 10,000. A zauna a gabansa minti 20 zuwa 30 cikin awa ta farko bayan tashi, a tazarar da kamfanin ya rubuta, a karkatar da shi gefe kaɗan, kada a zuba masa ido kai tsaye. Lallai a zaɓi wanda ke tace hasken UV, wato hasken da ido ba ya gani amma yake iya cutar da ido da fata. Mai ciwon ido, da mai shan maganin da ke sa jiki saurin jin haske, da mai larurar tabin ƙwaƙwalwa ta baifola, su tuntuɓi likita tukuna. A ganina, duk wanda ke da halin fita hantsi na rabin awa ba ya bukatar wannan akwati, tun da hasken rana a fili yakan kai lux 100,000.

Da dare kuwa sai a juya lamarin. Awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya a kashe manyan fitilun sama, a koma ga ƙaramar fitila mai ƙwan da aka rubuta wa 2700K ko ƙasa da haka, wato mai haske rawaya-rawaya. Tsarin dare na waya yana rage shuɗin haske, amma bai hana abin da ake karantawa tayar da hankali ba, don haka ajiye wayar ya fi. A rufe ƙananan fitilun caja da na talabijin da ɗan salatif baƙi, kuma idan ana bukatar hasken zuwa banɗaki, a sa ja mai rauni kusa da ƙasa.

Aikin sauti daban ne. Yawanci abin da ke tayar da mai barci shi ne ƙarar da ta faso shiru ba zato, kamar bugun ƙofa ko haushin kare. Na'urar sauti tana shimfiɗa wata ƙara mai ɗorewa wadda waɗancan ke nitsewa a cikinta. Akwai wadda ake kira farin sauti, mai kama da shuuu ɗin rediyon da bai kama tasha ba, akwai mai taushi kamar saukar ruwan sama, akwai kuma mai kauri kamar rugugin hadari daga nesa. A gwada su a ɗauki wanda kunne ya fi mantawa da shi, a guji mai magana ko waƙa, domin ƙwaƙwalwa takan bi kalmomi. Hujjojin masana kan sauti ba su kai na haske ƙarfi ba, kuma fanka ma tana yin kusan wannan aiki.

Inda aka fi kuskure shi ne wurin ajiyewa da ƙarfin murya. A sa na'urar tsakanin gado da inda hayaniya ke shigowa, wato kusa da taga ko ƙofa, ba a jikin matashin kai ba. A rage ta zuwa mafi ƙanƙantar muryar da za ta rufe hayaniyar. Idan sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji magana, to ta yi yawa. A ɗakin jariri a ƙara taka tsantsan: likitocin yara suna ba da shawarar kada ta wuce desibel 50 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma ta yi nisan kimanin mita biyu daga gadonsa. Idan hayaniyar tana kwana, a bar na'urar ta kwana a kunne, saboda ɗaukewarta kwatsam a tsakar dare ma kan farkar da mutum.

A gwada na'ura ɗaya tak har mako biyu, ana rubuta lokacin kwanciya da na tashi da yawan farkawa, kafin a ƙara wata. Idan rashin barci ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku, ko kuwa ana minshari mai ƙarfi tare da ɗaukewar numfashi, sai a je asibiti a duba, domin fitila da sauti ba sa maganin waɗannan.